Kamfanin da aka ce ya kai dala biliyan ɗaya, dole ne mutane na buƙatar abin da yake yi?

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne, kimiyyar kwamfuta nake karantawa. Kullum sai in ga labari wai wani sabon kamfanin fasaha ya tara dala miliyan kaza, ko an yi masa ƙima ta dala biliyan kaza, amma in na duba abin da suke sayarwa wani lokacin sai in rasa waye ma zai saya. Wasu kuma bayan shekara biyu sai ka ji sun rufe. Shin da gaske waɗannan kamfanonin suna yin abin da mutane ke buƙata, ko kuwa kuɗi ne kawai ke zagayawa tsakanin masu kuɗi? Na tambaya ne saboda ni da abokaina muna son fara namu."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. In na fahimce ka da kyau, so kake ka sani ko wannan lambar da ake maƙala wa kamfani, a ce ya kai biliyan ɗaya ko biliyan goma, shaida ce cewa jama'a na buƙatar kayansa. Amsata ita ce lambar ba ta isa shaida ba, ko ta nan ko ta can. Akwai masu babbar ƙima da suka magance wa miliyoyin mutane matsala ta gaske, akwai kuma waɗanda har suka mutu babu wanda ya yi kewarsu, kuma in lambar kaɗai ka kalla wallahi ba za ka iya bambance su ba, don ita wani abu daban take aunawa. Na daɗe ina yi wa ƙananan kamfanonin fasaha aikin lissafi da shirya takardun neman jari, na kuma zauna a ɗaya ɓangaren ina duba wa masu kuɗi littattafan kamfanin da suke son sa hannu a ciki, to bari in yi maka bayani yadda nake ganin abin daga ciki.

Daga ina lambar take fitowa

Abu na farko da ya kamata ka riƙe, in aka ce sabon kamfani ya kai dala biliyan ɗaya, babu wanda ya ƙirga biliyan ɗaya ya ajiye. Yadda ake yi shi ne, wani mai zuba jari ya ba da misali dala miliyan 100 aka ba shi kashi 10 cikin 100 na kamfanin, sai a ninka a ce to ai duka kamfanin biliyan ɗaya ke nan. Kamar mai ƙatuwar gona ne a bayan gari ya yanki fuloti ɗaya na bakin titi ya sayar da tsada, sai ya ɗauki wannan farashin ya ninka da yawan fulotan da ke gonar har da na cikin kwari ya ce ga kuɗin gonata. Lissafin ya fita daidai a takarda, amma ranar da ya fito da duka gonar kasuwa zai ji wani farashin daban.

Kuma shi wannan mai miliyan 100 ɗin ba irin hannun jarin da ke hannun ma'aikata ko waɗanda suka kafa kamfanin yake karɓa ba, nasa na musamman ne mai sharuɗɗa. Mafi shahara a ciki shi ne in aka sayar da kamfanin ko ya karye, shi za a fara biya kuɗinsa cif kafin kowa ya ga sisi. Wani ma har da sharaɗin in aka shiga kasuwar hannayen jari a ƙasa da farashin da ya saya to sai an ƙara masa hannun jari kyauta. Mutumin da ya samu irin wannan kariya ai ba zai damu sosai ba don an rubuta babbar lamba a jarida, su kuma masu kamfanin suna son babbar lambar don tana jawo ma'aikata da 'yan jarida da masu kuɗi na gaba. Wasu malaman jami'a biyu, Will Gornall na British Columbia da Ilya Strebulaev na Stanford, sun bi takardun irin waɗannan kamfanoni 135 a Amurka suka sake lissafin tare da la'akari da sharuɗɗan, suka samu cewa a matsakaici lambar da ake sanarwa ta ɗara ƙimar gaskiya da kusan rabi.

Sannan lambar tana hawa da sauka saboda dalilan da ba su da alaƙa da kwastoma ko kaɗan. Klarna, kamfanin Suwidin da ke ba mutane damar sayen kaya su biya daga baya, an yi masa ƙima ta dala biliyan 45.6 a tsakiyar 2021, a watan Yulin 2022 ya karɓi sabon jari a kan biliyan 6.7. A cikin wannan shekara ɗayar mutanen da ke amfani da shi ba su gudu ba, manhajar ma ita ce dai. Abin da ya canza shi ne kuɗin ruwa. Babban bankin Amurka ya riƙe shi kusa da sifili daga ƙarshen 2008 zuwa 2015, ya sake mayar da shi can a Maris 2020 lokacin korona, to duk mai manyan kuɗi da ya ga ajiya ba ta kawo komai sai ya bazama neman inda zai samu riba, kuɗi suka yi ta kwarara cikin sabbin kamfanoni. A 2013 da wata mai zuba jari Aileen Lee ta ƙirga kamfanonin fasaha na Amurka da suka kai biliyan ɗaya guda 39 ta samu, zuwa farkon 2022 a duniya sun haura 1,000. Daga Maris 2022 aka fara ɗaga kuɗin ruwan har ya wuce kashi 5 a 2023, nan take kuɗin suka ja baya, ƙimomi suka zube.

Akwai kuma yadda su masu zuba jarin suke tunani, wanda in ba ka gane shi ba za ka yi ta ganin kamar ba su da hankali. Galibi kuɗin ba nasu ba ne, na asusun fansho ne da jami'o'i da gwamnatoci da attajirai, an ba su na kamar shekara goma su juya. Sun san tun farko yawancin kamfanonin da za su sa wa kuɗi mutuwa za su yi ko su tsaya cak, don haka dole a samu ɗaya ko biyu da za su ninka sau hamsin ko ɗari su rufe asarar sauran. Tambayar da ke kansu ita ce, in wannan abu ya ci, zai iya zama ƙato ƙwarai? Kamfanin da mutane dubu hamsin ke matuƙar buƙata, yana cin riba daidai gwargwado amma ba zai taɓa wuce nan ba, a wurinsu bai da amfani, gara wanda damar cin nasararsa ƙarama ce amma in ya ci zai mamaye duniya. Da kamfanin zuba jari SoftBank na Japan ya zo da asusunsa na kusan dala biliyan 100 a 2017, wanda Saudiyya ta sa biliyan 45 a ciki, abin ya ƙara ta'azzara, don mai irin wannan kuɗin ba zai tsaya yana raba miliyan biyar-biyar ba, dole ya nemi inda zai juye ɗaruruwan miliyoyi a lokaci guda.

Waɗanda suka faɗi ba cuta ɗaya ta kashe su ba

Irin wanda kake nufi, wanda za ka duba ka rasa waye zai saya, akwai shi. Juicero ya tara kusan dala miliyan 120 daga manyan masu zuba jari har da reshen Google, yana sayar da injin matse ruwan 'ya'yan itace a kan dala 699, daga baya aka rage zuwa 399, kuma injin ba ya matse komai sai wasu ledoji na musamman da kamfanin ke sayarwa. A Afrilun 2017 'yan jaridar Bloomberg suka nuna cewa in ka matse ledar da hannunka kusan ruwa ɗaya za ka samu, zuwa Satumba kamfanin ya rufe. Quibi ma haka, dala biliyan 1.75 aka tara don gajerun finafinai na kallo a waya da za a riƙa biya duk wata, aka buɗe a Afrilun 2020 aka sanar da rufewa a Oktoba, saboda mutane suna da YouTube da TikTok kyauta a wayar tasu.

Amma gaskiya irin waɗannan su ne 'yan kaɗan, sun yi suna ne don labarinsu na da daɗin bayarwa. Theranos buƙatar da ya ce zai biya ta gaske ce, waye ba ya son a yi masa gwaje-gwajen jini masu yawa da ɗigo kaɗan daga yatsa, da araha? An yi masa ƙima ta dala biliyan 9 a 2014. Matsalar na'urar ba ta yin abin da aka ce tana yi, jaridar Wall Street Journal ta tona a 2015, kamfanin ya rushe a 2018, a 2022 kotu ta samu wadda ta kafa shi, Elizabeth Holmes, da laifin damfarar masu zuba jari aka yanke mata sama da shekara 11. Abin da ya fi ci min rai a wannan labarin, akwai marasa lafiya na gaske da aka ba sakamakon gwaji na kuskure, su ba su zuba jari ba, ba su ci riba ba, lafiyarsu kawai aka yi wasa da ita.

WeWork kuma kayansa na aiki kuma ana so. Yana kama hayar manyan gine-gine na shekaru masu yawa, ya gyara ya yanka ofis-ofis ya ba ƙananan kamfanoni haya wata-wata. Sana'a ce da aka daɗe ana yi, kamfanin IWG mai irin wannan sana'ar ya fi shi yawan rassa kuma yana cin riba, amma a 2019 ƙimarsa kusan kashi ɗaya cikin goma ce ta WeWork, wanda aka ce ya kai biliyan 47 don an ɗauke shi a matsayin kamfanin fasaha. A 2018 ya samu kuɗin shiga kusan biliyan 1.8 ya yi asarar kusan biliyan 1.9. Da ya fito da littattafansa a Agustan 2019 zai shiga kasuwar hannayen jari, mutane suka karanta, cikin makonni aka fasa, shugaban kamfanin Adam Neumann ya sauka, a Nuwamban 2023 kamfanin ya shigar da takardar karyewa.

Wanda nake so ka fi mayar da hankali a kai shi ne na gaba, don shi ne ya fi yawa kuma shi ya fi ruɗar matasa irinku, wato buƙatar da aka saya da kuɗin masu jari. A Agustan 2017 MoviePass ya ce ka biya dala 9.95 a wata ka shiga silima kullum in ka ga dama, alhali tikiti ɗaya a lokacin ya kai kusan dala 9 kuma kamfanin cikakken kuɗi yake biyan gidajen silima. Masu rajista suka tashi daga kusan 20,000 zuwa miliyan 3 cikin ƙasa da shekara. In ka kalli wannan hawan a jadawali sai ka rantse an gano abin da duniya ke jira, alhali duk wanda ya ƙaru asara ce ta ƙaru, a 2019 aka rufe. Haka kamfanonin kawo cefane gida cikin minti goma da suka cika biranen Turai lokacin korona, Getir na Turkiyya ya kai biliyan 11.8 a 2022, ya saye Gorillas na Jamus, a 2024 ya tattara ya bar Birtaniya da Jamus da Holan da Amurka ya koma gida. Mutane suna son a kawo musu madara cikin minti goma, ƙwarai kuwa, muddin wani ne ke biyan kuɗin ɗan aiken. Da aka ce su biya da kansu sai yawancinsu suka tuna akwai shago a ƙasan benensu.

Sai dai kar ka ɗauka duk mai ƙona kuɗi ƙarshensa ke nan. Uber ya tafka asarar da ta haura dala biliyan 30 kafin ya ga ribar aiki ta shekara guda cikakkiya a 2023, ya ƙara farashi sosai a hanya kuma mutane suka ci gaba da hawa, wanda ya nuna a ƙarƙashin garaɓasar akwai buƙata ta gaske. Ko direbobin sun ji daɗin yadda aka kai ga ribar, wannan wata doguwar magana ce, kuma ni ina ganin in ana maganar "mutane" dole a sa su a lissafi, ba fasinja kaɗai ba.

Mu duba na kusa da mu

A Najeriya an yi gwajin da babu mai jarin da zai iya shirya irinsa. OPay ya shigo da ƙarfinsa a 2019 da babura na ORide a Legas, ana ɗaukar mutane a farashin da kowa ya san bai biya kuɗin mai ba, har a Kano sun gwada da adaidaita sahu. A Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin, korona ta biyo baya, zuwa tsakiyar shekarar suka dakatar da harkar sufurin suka koma kan tura kuɗi da wakilai masu POS. A Agustan 2021 suka karɓi dala miliyan 400 a kan ƙimar biliyan 2, SoftBank ɗin nan dai da ya sa kuɗi a WeWork shi ya jagoranta. A ranar da aka sanar, lambar kaɗai ba za ta gaya maka ko wannan wani WeWork ɗin ba ne.

Abin da ya ba da amsa shi ne canjin kuɗi. Daga Janairu zuwa Maris na 2023 takardar naira ta ɓace, manhajojin manyan bankuna suka riƙa sarƙewa saboda cunkoso, ka yi taransfa kuɗi su fita alat bai iso ba mai kaya ya riƙe ka a tsaye. A wannan lokacin mai shayi da mai nama da mai kayan miya suka buɗe OPay da PalmPay da Moniepoint, ba don an ba su bonas ba, don kuɗin na shiga nan take. Kuma da takardar kuɗi ta dawo ba su rufe ba, yau ka shiga Kantin Kwari ko Singa ko kasuwar ƙauye ranar cinta za ka ga lambar akawun a manne a jikin teburi. Moniepoint, wanda ya fara a 2015 da sunan TeamApt yana rubuta wa bankuna manhaja, sai a Oktoban 2024 ya kai ƙimar biliyan ɗaya, lokacin na'urarsa ta riga ta cika shaguna kuma ana cirar 'yan kuɗi a kan kowane ciniki mutane na biya. A nan buƙatar ce ta riga lambar zuwa. Haka Wave a Senegal, ya zo ya ce tura kuɗi kashi 1 cikin 100, sakawa da cirewa kyauta, har sai da Orange ya rage nasa farashin, talaka ya ga bambancin a aljihunsa.

Jumia kuwa labarinsa a tsakiya yake. Ya fara a Legas a 2012, ya shiga kasuwar hannayen jari ta New York a Afrilun 2019 a kan dala 14.5, ya haura 40 cikin makonni, kafin shekara ta zagayo ya faɗo ƙasa da 5. Akwai masu sayen kaya a kai har gobe, amma an gina lissafin farko ne a kan cewa mutanen Afirka za su yi sayayya ta intanet kamar na Amurka, alhali ga matsalar adireshi ga tsadar kai kaya ga mutumin da bai yarda ya biya kafin ya taɓa kaya da hannunsa ba, ga kuma kasuwa a kusa da shi inda zai yi ciniki a rage masa. A ƙarshen 2023 suka rufe sashen kai abinci gaba ɗaya.

Buƙatar da kuɗin ba sa gani

Akwai wani gefen tambayarka da ya fi damuna fiye da labarin su Juicero. Ko da kamfanin na biyan buƙata, buƙatar wa? Irin wannan jarin yana bin mutumin da ke da kuɗin biya da kuma kayan da za a iya ninkawa ba tare da an ƙara kashe kuɗi sosai ba. Manhaja in ka rubuta ta sau ɗaya, mutum miliyan zai iya saukewa. Ɗakin sanyi na ajiye tumatir kuwa kowane ɗaya sai ka gina shi, ka sa masa sola, ka ɗauki mai gadi, ka gyara in ya lalace. Duk wanda ya taɓa zuwa Kadawa ko Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ya ga yadda kwanduna ke ruɓewa a bakin titi ya san buƙatar ta fi ta kawo madara cikin minti goma nesa ba kusa ba, kuma akwai masu yin aikin, irin su ColdHubs da ke kafa ɗakunan sanyi masu sola a kasuwanni, amma ba za ka ji an kira musu biliyoyi ba. Shi ya sa in ka duba kamfanonin Afirka da suka kai biliyan ɗaya za ka ga yawancinsu harkar kuɗi suke yi, Interswitch, Flutterwave, OPay, Wave, Moniepoint, don a nan ne buƙatar talaka da lissafin mai jari suka haɗu. Ruwan sha da wuta da asibitin karkara ba su cika haɗuwa da wannan lissafin ba.

Ga kuma matsalar canji. Mai jarin da dala ya kawo da dala yake auna ka. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da cinikinsa ya ninka biyu a naira a wannan tsakanin, wato mutane sun ƙara buƙatarsa ke nan, a idon mai dala raguwa ya yi. To ka ga ƙaramar ƙima ma ba ta nuna ba a buƙatar abu.

Abin da nake dubawa in an kawo min littafi

Ba na fara tambayar mutum nawa suka sauke manhaja, don wannan da kuɗin talla ake sayensa. Ina cewa a ware min waɗanda suka shigo a wata ɗaya, a nuna min nawa ne a cikinsu suke nan bayan wata uku, bayan wata shida. In layin ya yi ta sauka har ya taɓa ƙasa to ana zuba kuɗi ne kawai ana maye waɗanda suka tafi da sababbi, in kuwa ya sauka ya tsaya a wani wuri ko da ƙasa-ƙasa ne, akwai wasu mutane da abin ya zame musu dole, kuma su nake so in sani. Daga nan sai in tambayi me ya faru ranar da aka cire rangwame ko aka ƙara farashi. Sai lissafin ciniki guda ɗaya tak, nawa ya shigo nawa ya fita in an haɗa da mai da ɗan aike da kuɗin banki da kayan da aka dawo da su, don in kowane ciniki asara ne to girma ƙara zurfin ramin yake yi, sai fa in za a nuna min takamaiman kuɗin da zai ragu in an girma da dalilin raguwarsa. Ina kuma son in san da me mutumin yake magance matsalar kafin ku zo. In ya ce ba ya yin komai, yawanci matsalar ba ta dame shi ba ne. In kuwa ya ce yana biyan yaro ya je, ko yana rubutawa a littafi, ko yana asarar rabin yini a layi, to ga kuɗi nan yana fita dama, naku kawai ku fi abin da yake yi sauƙi. Wata alamar da nake so ƙwarai ita ce ranar da sabis ɗinku ya ɗauke, waya ta yi ta ƙara ana faɗa ko kuwa shiru kuka ji.

Wasu matasa da na yi aiki da su sun yi manhajar kai abinci gida, suna kaiwa kyauta da kuɗin da suka tara, oda ta yi ta shigowa. Da kuɗin suka ja baya suka sa kuɗin kaiwa sai yawancin masu odar suka ɓace. Amma da muka zauna kan littafin sai muka ga wasu 'yan mata masu yin kek da cincin da turaren wuta a gida suna sayarwa ta WhatsApp ba su daina kiran 'yan babur ɗinsu ba, suna biya ba ciniki, don kafin nan sai su tare mai adaidaita su ba shi kaya suna addu'a ya kai. Suka ajiye maganar abinci suka koma yi wa masu sana'ar gida aike. Ba wanda zai rubuta labarinsu a jaridar waje, amma suna biyan albashi daga ciniki.

Wannan awon nawa yana da iyaka, dole in gaya maka. Kamfanin da bai shiga kasuwar hannayen jari ba galibi ba dole ba ne ya buga littattafansa, don haka daga waje abin da suka ga dama shi muke gani, WeWork ma sai da ya buɗe da kansa aka gane. Sannan awon yana iya zaluntar abin da bai nuna ba tukuna. Amazon ya fara a 1994 bai ga ribar shekara cikakkiya ba sai 2003, Airbnb, manhajar da matafiyi ke kama ɗaki a gidan wani, masu jari da dama sun ƙi shi a 2008 don ba su ga wanda zai kwana a gidan baƙo ba, kuma kamfanin da ke haɗa magani zai yi shekaru ba kwastoma ko ɗaya saboda yanayin aikin ke nan. Akwai abin da mutane ba su san suna so ba sai sun gan shi, a irin wannan wurin mai jarin da ya yi kasada yana da amfani na gaske.

Ku da kuke shirin farawa, shawarata kar ku sa tara jari ya zama shi ne burin. Ku zaɓi mutanen da za ku iya zuwa wurinsu da ƙafa, masu kemis ne ko masu makarantun kuɗi ko dillalan hatsi, ku zauna da su ku ga inda kuɗinsu ko lokacinsu ke zuba, kar ku tambaye su "in mun yi kaza za ku so?" don mutanenmu da kara, kowa zai ce maka eh Allah ya sa albarka. Ku yi ƙaramin abu ko da da WhatsApp da takardar lissafi ne, ku sa masa farashi tun ranar farko ko da kaɗan ne, ku ga wa zai biya sau na biyu. In kun samu masu dawowa kuma kuka ga abin da ke hana ku girma kuɗi ne kawai, a lokacin neman jari ke da ma'ana, kuma a lokacin ku ne da ƙarfin ciniki. Ranar da aka miƙo muku takarda kuma, kar idonku ya tsaya kan ƙimar da aka rubuta a sama, ku nemi lauyan da ya san harkar ya karanta muku sharuɗɗan waye ake fara biya in an sayar, kujera nawa za su samu a hukumar gudanarwa, da abin da zai faru da kasonku in zagayen neman jari na gaba ya zo a ƙimar da ke ƙasa da wannan. Sharaɗin fifita wani mai hannun jari wajen biya ma akwai maganar malaman mu'amala a kansa, yana da kyau ku kai wa wanda ya san fannin ya duba muku kafin ku sa hannu. Allah ya ba da sa'a, in kun fara ka rubuto min abin da kuka samu a wurin kwastomomin farko mu duba lissafin tare.